Yadda Ake Ganewa da Shawo Kan Gubar Fuloraid a Garken Tumaki da Awaki

A wasu yankuna mai kiwo yakan lura cewa tumakinsa suna tsufa da wuri. Tunkiyar da ba ta wuce shekara huɗu ba sai a tarar haƙoranta sun cinye, tana ramewa ko da ciyawa ta wadata, tana ɗingishi yau da wannan ƙafa gobe da waccan, an ɗura mata maganin tsutsa, an yi mata allura, amma shiru. Ɗaya daga cikin dalilan da ba a cika kawowa a rai ba shi ne sinadarin fuloraid, wanda dabba ke sha a ruwa ko ta lasa a gishiri kaɗan-kaɗan na tsawon watanni da shekaru. Kusan duk abin da jiki ya riƙe na wannan sinadari yana taruwa ne a ƙashi da haƙori, kuma ɓarnar da ya yi wa haƙori ba ta gyaruwa. Saboda haka aikin mai kiwo a nan ya dogara ne kan gano matsalar da wuri da kuma kare ƙananan dabbobi, tunda babu allurar da za ta mayar wa tunkiya haƙorinta.

Cutar tsohuwa ce. Lokacin da dutsen Laki ya yi aman wuta a ƙasar Aislan a shekarar 1783, toka da hayaƙi masu fuloraid sun rufe makiyaya, kuma mafi yawan tumakin ƙasar sun halaka, yunwa ta biyo baya. A Maroko, a yankunan da ake haƙar dutsen fosfet irin su Huribga, makiyaya sun daɗe da sanin ciwon har suka sa masa suna darmus. A ƙasashenmu babban tushensa shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Mataki na farko: a buɗe baki a karanta haƙori

Tunkiya da akuya suna da haƙoran gaba guda takwas, duka a muƙamuƙin ƙasa, sama kuwa dasashi ne mai tauri. Haƙoran nono suna faɗuwa biyu-biyu, na dindindin su maye gurbinsu: na tsakiya tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, na biyu wajen shekara biyu, na uku wajen biyu da rabi zuwa uku, na gefe kuma kafin shekara huɗu. Dole a san wannan jeri, domin fuloraid yana lalata haƙori ne kawai a lokacin da yake ƙulluwa a cikin muƙamuƙi, watanni kafin ya fito. Haƙorin da ya riga ya fito lafiya ba zai yi tabo ba ko da dabbar ta koma shan gurɓataccen ruwa daga baya. Haka kuma haƙoran nono galibi sukan tsira, saboda ɗan abin da ke ratsa mahaifa ko ya shiga nono ba shi da yawa. Wanda ya duba bakin ɗan rago mai wata shida ya ga haƙora farare tas, bai kamata ya saki jiki ba. Dabbobin da za a duba su ne masu shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu waɗanda aka haifa kuma suka tashi a wurin.

A kama dabbar da safe a wuri mai haske, a riƙe muƙamuƙi da hannu ɗaya, a ja leɓen ƙasa da babban yatsa, a goge haƙoran da tsumma mai laima don a raba dattin ciyawa da tabon gaske. Lafiyayyen haƙori yana da sheƙi da santsi. Wanda fuloraid ya taɓa yakan dushe ya yi fari kamar alli, sannan ya yi zane-zane a kwance ko ɗigo-ɗigo masu launin ruwan goro zuwa baƙi, kuma idan aka bi shi da farce sai a ji ƙananan ramuka. Abin da ya fi kowane alama ƙarfi shi ne daidaito: tabon da ke haƙorin dama yana nan a ɗan'uwansa na hagu, a tsayi ɗaya, domin tare suka ƙullu. Karaya ko cinyewar da yashi ke jawowa ba ta bin wannan tsari. A nan haƙori tamkar rajista yake. Idan na tsakiya suna da kyau amma na biyu da na uku sun ɓaci, sai a tambayi kai abin da ya canja wajen lokacin da dabbar ta cika shekara: an haƙa sabuwar rijiyar burtsatse ne, ko an koma wani mashaya, ko an fara sayen wani sabon gishirin lasa?

Kada a tsaya a haƙoran gaba, don ainihin asarar tana can ciki, a turame. Turamen da suka yi laushi ba sa cinyewa daidai, wani ya lotsa har dasashi, na sama da shi kuma ya yi tsini yana sukar kunci da harshe. Ba lallai a cusa yatsa ba, turamen tunkiya suna yanka. A shafa kumatu daga waje a ji ko akwai tsini ko curin ciyawa da ya maƙale, a kuma tsaya a kalli dabbar tana tuƙa. Mai ciwon turame tana zubar da curin abincin da ta tauna rabi-rabi, kuma idan aka duba inda ta kwana za a ga irin waɗannan curarrakin a ƙasa. Wasu kuma suna jin zafin ruwan sanyi lokacin hunturu, sai su riƙa lasarsa suna ɗaga kai maimakon su kafa baki su sha.

Mataki na biyu: a shafa ƙashi a kalli tafiya

Idan gubar ta yi nisa, ƙashi yakan yi kauri ya fitar da ƙulli masu tauri waɗanda ba sa motsi a ƙarƙashin fata. A bi gefen muƙamuƙin ƙasa da yatsu, sannan haƙarƙari, sannan ƙwaurin ƙafafun gaba da na baya, ana kwatanta dama da hagu, ana kuma kwatanta dabbar da wata da aka sayo daga nesa. Ɗingishin fuloraid yana zuwa yana tafiya, yana sauya ƙafa, dabbar tana tashi da ƙyar, tana tafiya a sanƙare, tana zama baya idan garke ya kama hanya, wani lokaci har ta durƙusa tana kiwo a kan gwiwa. A ɗaga kofato a duba. Idan akwai wari da ruɓewa a tsakanin yatsu, wannan ciwon kofato ne na damina. Idan akwai zazzaɓi da ƙuraje a baki kuma ya bazu cikin garke a 'yan kwanaki, a yi zargin boru, wato ciwon baki da kofato. Gubar fuloraid ba ta kawo zazzaɓi, ba ta yaɗuwa daga dabba zuwa dabba, kuma kofaton yakan kasance garau. Ƙarancin sinadarin fosfaras a abinci ma yana sa sanƙarewa da taunar ƙashi da tsumma, amma ba ya zana haƙori, sai dai abubuwan biyu suna iya haɗuwa a garke ɗaya, wanda hakan ke sa aikin likitan dabbobi ya zama dole.

Yana da amfani a rubuta abin da aka gani: shekarun kowace dabba, inda ta tashi, da halin haƙoranta. Idan 'yan gida ne kaɗai ke da tabo, waɗanda aka sayo manya kuma ba su da shi, an kusa kama bakin zaren.

Mataki na uku: a bi sawun inda gubar ke fitowa

A fara da ruwa. Fuloraid ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, kuma sau da yawa ruwan da ya fi kyan gani shi ne ya fi ɗauke da shi, domin ruwan da ya daɗe kwance a cikin duwatsu masu zurfi ya fi narkar da sinadarin. An tabbatar da yawansa a ruwan wasu yankuna kamar Langtang a jihar Filato, Kaltungo a jihar Gombe, Zing a jihar Taraba, yankin Mayo Tsanaga a arewacin Kamaru, da Bongo a arewacin Gana. A Tibiri ta jihar Maradi, ruwan burtsatse mai fuloraid fiye da kima ya tanƙwara ƙafafun ɗaruruwan yara kafin a gane dalili a rufe rijiyoyin. Wannan ya sa haƙoran yaran unguwa suna cikin abin da mai kiwo zai duba. Idan yaran da suka tashi a garin suna da jan tabo a haƙoran gaba, to da wuya a ce dabbobin da ke shan ruwa ɗaya da su sun tsira, haka kuma tabo a bakin tumaki gargaɗi ne game da yaran gida, kuma wannan ya fi asarar garke nauyi nesa ba kusa ba. A lura cewa rijiyoyi biyu a gari ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, don haka ba a yanke wa gari hukunci da gwaji ɗaya. Tafkin da ke ƙafewa da bazara ma, idan yana da sinadarin, yakan ƙara kauri yayin da ruwan ke raguwa.

Na biyu shi ne abin lasa. Ɗanyen dutsen fosfet, irin wanda ake samu a yankin Sakkwato da Tawa, yana ɗauke da fuloraid kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, kuma takin supa da ake yi da shi ma yana da nasa kaso. Fosfet ɗin da aka yi don dabbobi su samu fosfaras ana cire masa fuloraid, har ƙa'idar masu haɗa abincin dabbobi ta ce kada fuloraid ya wuce kashi 1 a kan kowane kashi 100 na fosfaras. Kanwa ma abin dubawa ce. An samu fuloraid mai yawa a irin kanwar Tanzaniya da ake kira magadi, kuma tunda kanwa daga busasshen tafki take fitowa, abin da ke cikinta ya danganta da inda aka haƙo ta. Wannan ba dalili ba ne na daina ba da kanwa, amma a garken da aka ga tabo a haƙori ya kamata ta shiga cikin abin da za a kai gwaji.

Na uku shi ne ƙura. Ciyawa ba ta cika zuƙar fuloraid daga ƙasa ba, abin da ke sauka a kanta ne matsala: hayaƙi da ƙurar masana'antar taki, ta narka alminiyam, da wuraren gasa bulo, ko takin supa da aka watsa a gona ruwa bai wanke ba. Tunkiya tana kiwo dab da ƙasa, kuma da rani idan fili ya zama fako tana haɗiyar ƙasa mai yawa tare da guntayen ciyawa. Akuya, da yake ta fi son ganyen sama, takan fi samun sauƙi ta wannan fuska, amma a wurin shan ruwa ba ta da wata kariya.

Mataki na huɗu: a kai samfur gwaji

A sami gorar roba mai tsabta, ba kwalbar gilashi ba, domin fuloraid yana kama gilashi. A buga famfon na 'yan mintuna kafin a tara, a ɗauraye gorar da ruwan sau uku, a cika rabin lita, a rubuta sunan rijiya da kwanan wata. A ɗauki samfur daga kowane mashaya da dabbobin ke amfani da shi, sau ɗaya a ƙarshen rani, sau ɗaya da damina. Hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha da sassan nazarin sinadarai na jami'o'i su ne wuraren da za a fara tuntuɓa, kuma a faɗa musu ƙarara cewa fuloraid ake so a auna, don ba kowane gwajin ruwa ne ya ƙunshe shi ba. Game da dabbar kanta, likita yana iya ɗaukar fitsari, wanda ke nuna abin da take sha a halin yanzu, ko guntun haƙarƙari ko muƙamuƙi daga wadda aka yanka, wanda ke nuna abin da ya taru tsawon rayuwa. Likitan zai san inda zai tura, ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ko tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya, Sakkwato da Maiduguri.

Idan sakamako ya fito, ga ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita ga mutane, ga dabbobi kuwa shawarar da aka fi bi ita ce miligiram 2 a lita. A ɓangaren abinci, an ƙiyasta cewa tunkiya mai haihuwa tana jure miligiram 60 a kowane kilo na busasshen abinci, ragon da ake turkewa na ɗan lokaci don yanka kuma har 150. Sai dai an tsara waɗannan alƙaluma ne a ƙasashe masu sanyi, inda dabba ba ta shan ruwa kamar tamu a watan Afrilu. A yi lissafin misali. Tunkiya mai shayarwa da ta sha lita 6 na ruwa mai miligiram 5 a lita ta haɗiye miligiram 30 a rana. Idan aka ƙara mata giram 10 kacal na garin ɗanyen fosfet mai kashi 3.5 cikin ɗari, wannan miligiram 350 ne, alhali iyakarta, idan tana cin kilo ɗaya da 'yan kai, ba ta wuce 70 zuwa 80 ba. Ko da rabinsa ne kawai jiki ya zuƙa, an zarce iyaka ninki biyu. Abin takaici ne ƙwarai a ce mutum ya sayi abin da ke cutar da dabbarsa da kuɗinsa, da niyyar gina mata jiki.

Mataki na biyar: a lissafa asarar

Tunda ciwon ba ya kashewa farat ɗaya, mai garke yakan ɗauka bai yi asara ba, alhali kuwa asarar tana cikin shekarun da aka yanke wa uwar garke. Tunkiya Yankasa ko Balami mai lafiyar haƙori tana iya haihuwa har shekara bakwai ko takwas. Idan bakinta ya lalace aka rabu da ita a shekara huɗu, an yi asarar haihuwa uku ko huɗu, kuma an ci kuɗin rainonta na shekara ɗaya da rabi kafin haihuwar fari ba tare da an more shi ba. A garke mai uwaye 20, idan kowace tana yin shekara shida tana haihuwa, 'yan mata uku ko huɗu sun isa maye gurbi a shekara. Idan shekarun suka koma uku, sai an riƙe kusan bakwai, wato an rage abin sayarwa ke nan kowace shekara, kuma waɗanda aka riƙe ɗin ma ruwa ɗaya suke sha.

Sai abinci. Dabbar da ba ta tauna da kyau tana zubar da harawa, abin da ta haɗiye ma ba ya narkewa yadda ya kamata, don haka dusa da ƙuli-ƙuli da angurya da aka saya da tsada ba sa komawa nama. Uwar da ta rame tana jinkirin karɓar barbara, nononta yana raguwa, 'ya'yanta suna tashi a tsumbure. Sai kuɗin maganin tsutsa da allurai da aka yi ta zubawa a kan ciwon da ba nasu ba. A ƙarshe sai kasuwa. A Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela, abin da dillali ke fara yi shi ne ya buɗe baki, kuma idan ya ga haƙori a cinye zai yi kuɗin tsohuwa ko da mai ita ya rantse shekararta uku. Ragon layya mai ɗingishi bayyananne ko rama mai tsanani bai cika sharaɗi ba, don haka mai turke yana iya rasa kasuwar da ya yi wata da watanni yana jira. Wanda ya haɗa waɗannan a takarda, da farashin garinsu, zai fi sanin ko tankin ruwa ko jan ruwa daga wata rijiya zai biya kansa. A ganina, a garke mai uwaye masu yawa, yakan biya.

Mataki na shida: a sauya abin da za a iya sauyawa

Abin lasa shi ne mafi sauƙi. A janye duk garin fosfet da ba a san asalinsa ba, a kulle buhunan taki, kada a saki dabbobi a gonar da aka watsa wa supa sai ruwa ya wanke ta sosai, kuma kada a yi garin ƙashi da ƙasusuwan dabbobin da suka kamu.

Ruwa ya fi wuya, domin a yawancin wurare mai kyan ba ya isar kowa. Idan haka ne, a raba shi da hikima. Ruwan da ya fi ƙarancin fuloraid a ba wa 'yan yaye da duk waɗanda haƙoransu ba su gama fitowa ba, musamman 'yan matan da za su zama uwaye, sai masu shayarwa. Manyan da haƙoransu suka cika da ragunan da za a sayar cikin wata uku ko huɗu su ne za su fi jure ɗayan. Inda garke ke fita tare a sha tare, wannan yana nufin a shayar da ƙanana a gida kafin a fita, su je mashaya da ƙoshi. Ana kuma iya surkawa: jarka ɗaya ta ruwa mai miligiram 6 da jarka biyu ta ruwan sama suna ba da ruwa mai kimanin miligiram 2. Ruwan sama kusan babu fuloraid a cikinsa, kuma rufin kwano mai murabba'in mita 50 a wurin da ake samun milimita 600 a shekara yana zubo da lita 30,000, wanda ko an cire abin da ya zube zai ɗauki ƙanana 20 masu shan lita 3 a rana tsawon wata takwas na rani, in dai akwai tankin da zai riƙe shi.

Tafasa ruwa ba ya cire fuloraid, ƙara masa kauri ma yake yi, haka nan sinadarin kulorin da tacewa da ƙyalle ba su da tasiri a kansa. Hanyoyin da ke aiki su ne tace ruwa ta cikin gawayin ƙashi, kamar yadda ake yi a Kenya da Habasha, ko dabarar Nalgonda ta Indiya, inda ake zuba alif da farar hodar laim a gauraya a bari ya kwanta. Duka biyun suna buƙatar a auna ruwan a kai a kai, domin gawayin yana cika ya daina kamawa, yawan alif kuma ya danganta da irin ruwan, sannan lakar da ta kwanta guba ce da dole a binne inda dabba ba za ta kai ba. Sun fi dacewa da ruwan gida ko aikin haɗin gwiwar unguwa fiye da babban garke.

Abinci mai wadatar kalsiyam yana rage abin da hanji ke zuƙa. Harawar wake da ta gyaɗa da 'ya'yan gawo suna taimakawa, kuma likita yana iya ƙara garin kalsiyam ko wani gishirin alminiyam a abinci, amma abin da waɗannan ke ragewa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, kuma ba a yin su da ka, tunda yawan alminiyam yana hana jiki amfana da fosfaras.

Mataki na bakwai: dabbobin da suka riga suka kamu

Idan aka sauya ruwa, ɗingishi yakan ragu cikin makonni ko watanni, saboda ƙashi yana sakin abin da ya tara sannu a hankali ta fitsari. Masu ɗan tabo kawai, waɗanda turamensu ke aiki, a bar su su ci gaba da haihuwa, ciwon ba a gadonsa. Masu zubar da abinci a ware su, a ba su jiƙaƙƙiyar dusa da yankakkiyar harawa mai laushi da ruwan da rana ta ɗumama, su ɗan murmure, a sayar da su ga mahauta kafin rani ya yi nisa, tare da faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke damunsu. Namansu da nononsu ba sa tara fuloraid mai yawa, ƙashin ne abin gudu, don haka a rage yawan dafa romon ƙashinsu ga yara a gidan da ruwansa ma yake da matsala.

Sakamakon gyaran ba ya bayyana nan take. A sa wa 'ya'yan da aka haifa bayan sauya ruwa alama a kunne, a buɗe bakinsu idan sun kai wata 15 zuwa 18, lokacin da haƙoran dindindin na farko suka fito, a sake dubawa a shekara biyu. Idan har yanzu akwai tabo, akwai wata kafar da ba a toshe ba, sai a koma kan kanwa da gishirin lasa da mashayar da yara masu kiwo ke ratsawa da garke a hanya, a kai su gwaji ɗaya bayan ɗaya.